Kurmin Yaya Shehu

Wani hoto ne a waya ya jawo maganar, ranar wata Talata da zafin bazara ya hana kowa zama daidai a kan benci. Haulat ce malamar labarin ƙasa a wata sakandaren 'yan mata da ke Gaya, kuma a makarantar an san ta da abu biyu: ba ta makara, ba ta kuma iya haɗiye magana. Ranar nan sai ta ajiye alli, ta ɗaga wayarta, tana bi layi-layi tana nuna wa ɗalibai.

Daga sama aka ɗauki hoton, da tauraron ɗan'adam. Wani yanki ne na dajin Amazon, can a Kudancin Amurka. Gefe ɗaya kore ne shar, ko ɗigon ƙasa ba a gani. Ɗaya gefen kuwa fili ne fetal, an aske shi tas. Tsakaninsu wani layi ne miƙaƙƙe kamar an sa wuƙa an yanka.

"Wa za ta faɗa mini abin da ya ja wannan layin?"

"Katanga ce, Malama," in ji wata.

"Sojoji aka zuba," in ji wata daga baya.

"Babu katanga, babu soja. Mutane ne kawai. Wannan koren ƙasar 'yan asalin wurin ce, ƙabilun da suke zaune a dajin tun kafin Turawa su san da shi. Inda aka bar musu ƙasarsu a hannunsu, daji yana tsaye. Inda ƙasarsu ta ƙare, nan masu katako da masu gandun shanu suka fara. Suna kewaya iyakarsu da ƙafa da kwalekwale, wasu har da waya irin wannan, suna ɗaukar hoton duk wanda ya shigo da zarto. An kashe wasunsu a kan haka. Kuma dajin nan yana shanye hayaƙin da yake ɗumama duniya. Wannan zafin da ya sa kuke fifita da littattafanku, ba don su ba da ya fi haka."

Muslima, wadda take zama a gaba don ta ji daɗin gardama, ta ɗaga hannu.

"To Malama, mu su wa suke tsare mana namu dajin?"

"Wane dajin?" in ji ta kusa da ita. "Ai namu an dafa tuwo da shi."

Aji ya kwashe da dariya. Haulat ma ta dara, amma ba ta amsa ba, ga shi ba ta saba a tambaye ta ta rasa abin faɗa ba. Ta san dai amsar da manya za su bayar: Allah ya kawo sauƙi. Da ita ake amsa zafi, da ita ake amsa ƙarancin ruwa, da ita ake amsa motar itacen da take wucewa Kano kullum ta Allah. Bikin dashen itace kuwa ta je har ta gaji. A kafa rumfa, a yi jawabi, babban baƙo ya tsuguna da babbar riga a ɗauke shi hoto, kafin a kwashe kujeru awaki sun fara da dashen.

Da ta koma gida, bayan la'asar, ta zauna a gindin darbejiyar tsakar gida ta buɗe taswirar tauraron ɗan'adam a wayarta. Wannan karon Gaya ta nema. Ta ga rufin kwanon garin yana walƙiya, ta sa yatsa ta bi titin da ya nufi Ajingi. Gonaki ne dama da hagu, farare fat, da itatuwa ɗai-ɗai kamar an barbaɗa riɗi a faranti. Tana ja ranta yana ƙara ɓaci. Sai ta tsaya cak.

Wani kore ne a dunƙule, mai kusurwa huɗu, a tsakiyar farin fili. Ta buɗa shi da yatsu biyu. Gefunansa a miƙe suke, kamar layin da ta nuna wa yara da safe. Ba gandun dashe ba ne, don itatuwan ba a jere suke ba. Ba lambu ba ne, babu rafi a kusa. Ta dubi hanyar da ta ratse daga titi, ta dubi kududdufin da ke bayan gidaje, sai ta gane wurin. Unguwar Malam Baffa ce, ƙauyen da aka haifi mahaifiyarta.

"Umma! Mene ne wannan a bayan garinku?"

Rekiya, mahaifiyarta, tana tsintar wake a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ni me zan gane a wannan abin naki? In ta gabas ne, kurmin Yaya Shehu ne. Wanda ake hana ku shiga in mun je Sallah, saboda macizai."

Haulat ta tuna. Tun tana ƙarama take wucewa ta gefensa, ba ta taɓa tambaya ba.

"Wai wane ne Yaya Shehun nan? Sunan kawai nake ji."

"Babban yayanmu ne. Ina goye ya tafi. Ya ɗauki jakarsa da allonsa ya bi ayarin masu zuwa Makka ta ƙasa. Saƙo ɗaya aka samu, wai an gan shi a Sudan yana aikin auduga yana haɗa guzuri. Daga nan shiru. Da Malam mahaifinmu ya rasu aka zo rabon gado, malamai suka ce wanda ya ɓata ba mamaci ba ne, sai a ware masa kasonsa a ajiye. Aka ware masa wannan gonar. Kawunki ya so ya riƙa noma ta, Amarya ta ce atafau."

Amarya ita ce kakar Haulat. Tun ranar da aka kawo ta gidan Malam Baffa sunan ya bi ta, har kabari.

"Ta ce ba mai sa mata fartanya ko gatari sai mai ita ya dawo. Ko sassabe ta hana. To kin san gona in aka ƙyale ta."

"Ta zama daji."

"Ta zama gidan macizai dai. Amma ai magana ta ƙare. Alƙali ya ce ya wuce shekarun da shari'a ta ɗibar wa wanda ya ɓata, an yi masa hukuncin mamaci. Ranar Lahadi za a raba. Kawunki Abdulsalam rabi, ni da Yaya Hanne mu raba rabi. Ni na ce masa ya haɗa da nawa. Har ya yi magana da masu injin yankan itace, yana so ya share kafin ruwa ya sauka ya shuka gero."

Haulat ta miƙe zumbur.

"Umma, kin ba shi? A duk hanyar nan daga Gaya, shi kaɗai ne ya rage, kuma kin ba shi ya sare?"

"Zauna, kada ki ɓarar mini da wake. Shi ya riƙe ni bayan Malam, shi ya aurar da ni. Ina Gaya me zan yi da kurmi?"

Haulat ta yi lissafin a ranta. In kason Umma ya bi na Kawu, 'yar kusurwar Inna Hanne ce kawai za ta rage, ita ma rana da iska za su ƙarasa ta.

"Zan bi ki," ta ce.

Asabar da safe suka hau motar Ajingi, suka sauka a mararraba, babur ya ƙarasa da su. Inna Hanne, yayar Rekiya, a ƙauyen ta yi aure, a nan ta tsufa, kuma da daddawa ta riƙe 'ya'yanta. Tun daga zaure warin yake yi wa baƙo maraba. Da Haulat ta ce tana so a kai ta kurmi, Inna Hanne ta dubi ƙafarta ta riƙe baki.

"Da wannan ɗan takalmin? Ke 'yar boko, ƙaya ba ta san digiri ba. Ungo nawa."

Suka ratsa gonaki da rana tsaka, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Suna shiga kurmin sanyi ya bugi fuskar Haulat kamar an buɗe randa. Ta tsaya. Ta koma baya ta fita rana, ta sake shigowa, don ta tabbatar ba idonta ne yake ruɗarta ba.

"Lafiyarki kuwa?" in ji Inna Hanne.

"Inna, kin ji bambancin?"

"Yo inuwa ce, yau kika fara ganin inuwa?"

Ƙasar wurin baƙa ce, tana lotsawa da ruɓaɓɓen ganye. Ga marke, ga kanya, ga ɗinya da aduwa, ga ɗorawa ta saki 'ya'ya sun yi reto. Sabara da kalgo sun cike tsakani. An rataye amya a kan wani gawo, zuma tana shiga tana fita. Tsuntsayen da Haulat ba ta san sunansu ba suna ta surutu a sama, ta yi ta tambaya, wasu Inna Hanne ta sani, wasu ta ce ita ma gani kawai take yi. Can ciki suka tarar da mata da kwanduna, kowace ta sunkuya tana tsinta a ƙasa.

Wani reshen tsamiya ya sauko daidai kan Haulat. Ta miƙa hannu za ta tsinka.

"Ke! Amana ce!"

Mata uku ne suka faɗa a tare. Haulat ta janye hannu kamar ta taɓa wuta. Inna Hanne ta yi dariya har da dafa gwiwa.

"Ku yi haƙuri, 'yar Rekiya ce, daga Gaya. Ke kuma ba a tsinka a nan. Amarya ce ta kafa. Ta ce abin da yake sama na Shehu ne, ba mai taɓawa. Abin da ya faɗo kuwa zai ruɓe ne a banza, to sadakar Shehu ce, kowa ya ɗauka. Ɗorawa, tsamiya, busasshen reshe, duk sai ya faɗo da kansa."

"In bai faɗo ba fa?"

"Mu jira iska. Ranar da aka yi guguwa ki zo ki ga gari, ko ranar suna ba a cika haka."

"Ita zumar fa?"

"Zuma baƙuwa ce, ba Shehu ya shuka ta ba."

Haulat ta dubi kewaye. Babu shinge, babu allon gargaɗi, babu bukkar mai gadi.

"To wa yake gadi?"

"Gadi? Ba kowa. Mu dai in muka ji sarar gatari sai mu fito. Bara waccan wasu sun zo da mota, suka ce wai an sayar musu. Muka fito da muciyoyinmu muka zauna a gindin itacen. Muka ce su fara da mu. Har la'asar suna rarrashi, suka gaji suka tafi."

Haulat ta zauna a kan wata saiwa ta shiga ba su labarin mutanen Amazon. Ta ce su ma akwai wani dogon itace a dajinsu mai 'ya'ya kamar gyaɗa, ba mai hawa, jira suke yi su faɗo su bi daji su tsinta.

"Ikon Allah," in ji Inna Hanne. "Musulmi ne?"

"Yawancinsu a'a."

"To wa ya faɗa musu?"

"Kakanninsu."

"Miyar me suke yi da shi?" in ji wata daga cikin matan.

"Wannan kam ban sani ba."

"Su ma yayansu ne ya ɓata?"

"A'a, su dajin ne ba sa rabawa. Na ƙabila ne gaba ɗaya, da waɗanda suka mutu da waɗanda ba a haifa ba. Ba mai cewa nan nawa ne zan sayar."

Tana faɗa tana jin maganar a kunnenta. Abin da ya tsayar da wannan kurmin ke nan. Ba a raba shi ba. Duk sauran gonakin da ta gani a taswira an ja musu igiyar rabon gado, an sake ja, kowane magaji ya share nasa har bakin iyaka.

"Ni dai nawa kason ba zan sare ba," in ji Inna Hanne. "Amma ran da na mutu 'ya'yana za su ja igiya, kowa ya sayar da nasa."

"Babu yadda za a hana?"

"Sai dai waƙafi, irin na filin idi. A bar wa Allah, ba saye, ba sayarwa, ba gado. Amma kusurwa ɗaya me za ta yi?"

Bayan azahar Haulat ta sami Kawu Abdulsalam a zaure, yana warware igiyar awo yana duba inda ta tsufa. Dattijo ne siriri, mai koyar da yara da safe, ya tafi gona da hantsi. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ya tambayi makaranta da mutanen Gaya. Ta yi niyyar ta bi a hankali. Niyyar ba ta kai ko'ina ba. Ta zaro waya, ta nuna masa Amazon, ta nuna masa kurmi, ta yi maganar hayaƙi da zafi da hamada, ta ce a yi waƙafi da wurin gaba ɗaya.

Kawu ya saurara har ta ja numfashi.

"Su mutanen nan naki, me suke ci?"

"Dajin ne yake ciyar da su. Kifi, rogo, 'ya'yan itace."

"Madalla. Ni jikokina gero suke ci. Gonata ta gaji, in ba taki ba ta haihuwa. 'Ya'yana maza suna Kano suna tura baro don babu inda za su noma. Waccan ƙasar tun ina saurayi take hutawa, ina kallonta ina haƙuri, don Amarya ta ce a yi haƙuri. Sannan hayaƙin nan da kike faɗa, ni na hura shi? Ko babur ban taɓa mallaka ba. Masu jiragen sama su ɓata, Abdulsalam ya biya?"

Gaskiya ya faɗa, Haulat ta sani, kuma sanin ne ya ƙara tunzura ta.

"Ba ku kuka ɓata ba, Kawu, amma ku zafin zai fara dafawa! 'Yan shekaru ƙasar za ta ba ku, sannan ta koma kamar ta kusa da ita. Daga nan sai me? Sai Allah ya kawo sauƙi! Kullum haka muke. Mu sare da hannunmu, mu ɗaga hannun nan dai mu yi addu'a!"

Daga cikin gida muryar Rekiya ta fito kamar bulala.

"Haulat! A gidan ubana za ki ɗaga wa yayana murya? Shigo nan!"

"Ƙyale ta, Rekiya," in ji Kawu, ya koma kan igiyarsa. "Jinin Amarya ne. Ita ma haka take yi mini."

Haulat ta ƙi cin abinci. Ta koma bayan rumbu ta zauna a kan turmi, tana kallon koren nan a waya kamar kallon zai hana a sare shi. Ta san ta ɓata. Duk wanda ya san Umma ya san ba a juya ta da ihu.

Rana ta yi sanyi sai ga Rekiya da kwano a hannu. Ta dire shi a gabanta, ta jawo kujera 'yar tsugune.

"Mu ga abin nan da ya hana ki cin tuwo."

Haulat ta miƙa mata, ta nuna mata hanya, ta nuna masallaci.

"La! Ga kududdufi! Wannan ba gidan Yaya Hanne ba ne? Har rumbunta! Yanzu duk abin da muke yi ana kallonmu ke nan?"

"Tsohon hoto ne, Umma."

"Gara dai." Rekiya ta matso da wayar kusa da ido. "Wannan ne kurmin. To wannan ɗaya koren fa, ɗan ƙaramin?"

Haulat ta leƙa. Ba ta lura da shi ba sam.

"Ban sani ba."

"Yamma da masallaci, bayan gonar liman." Rekiya ta bi da farce a hankali, sai ta tsaya. "Maƙabarta ce."

Ta daɗe tana kallo. A duk faɗin farin filin nan wuri biyu ne kawai masu kore.

"Can Malam yake. Can Amarya take, gindin wata aduwa." Ta goge fuskar wayar da gefen mayafinta. "Shi kuwa ba mu san inda yake kwance ba. Ko a rairayi, ko a teku. Ni ko fuskarsa ban sani ba, ko hoto babu. In aka ce Yaya Shehu, itatuwan nan nake gani."

Magana ta taso wa Haulat har maƙogwaro, cikakkiya, da hujjojinta a jere. Ta dubi fuskar mahaifiyarta, ta haɗiye ta. Ta jawo kwano ta fara cin tuwo.

Lahadi da hantsi aka taru a bakin kurmi. Ga liman, ga mai unguwa, ga dattawa biyu masu riƙe igiya. Matan gari sun tsaya daga nesa da kwandunansu, ba wanda ya gayyace su. A bakin hanya masu injin yankan itace sun jingina da motarsu suna jira. Liman ya yi addu'a ga Shehu ɗan Malam Baffa, ya faɗi kason kowa.

"Rekiya ta ce a haɗa nata da nawa," in ji Kawu.

"Haka ne, Rekiya?" in ji liman.

Rekiya ta fito daga cikin mata, ta je gaban yayanta ta durƙusa.

"Yaya, na yi maka alkawari. Ina roƙon ka sake ni."

Kawu ya dube ta, ya dubi Haulat.

"Yarinyar nan ce ta zuga ki."

"Da zugarta ce da ban yi ba, ai ka ji yadda ta yi maka jiya. Ni na gani da idona. Nawa da na Yaya Hanne mun bar wa Allah, ladan ya je wa Yaya Shehu. Ba shi da kabarin da za mu ziyarta, Yaya. Ka bar mana inda za mu riƙa kiran sunansa."

Kawu ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar.

"Na sake ki. Amma rabina ina so."

"Haƙƙinka ne, Malam," in ji liman. "Ku kuma, waƙafi yana da sharaɗi. Me za a yi da wurin, me ba za a yi ba?"

"Yadda Amarya ta bari," in ji Inna Hanne. "Abin da ya faɗo kowa ya ɗauka. Abin da yake tsaye na mai shi ne."

"Kuma sai an naɗa mai kula. Ko za a ba ɗaya daga cikin samarin—"

"Waɗanne samari, Allah gafarta Malam? Ga su can." Inna Hanne ta nuna matan da haɓa. "Sun daɗe suna yi ba a naɗa su ba."

Mai unguwa ya yi dariya ya ce shi kam ya shaida, don ya ga abin da suka yi wa masu mota. Aka yi shaida, aka shafa.

Kawu ya zaɓi ɓangaren hanya. Aka ja igiya daga kudu zuwa arewa, ta ratsa sabara, ta bi ta ƙarƙashin marke, kowa yana biye. A tsakiya ta zo ta wuce ta jikin wata tsohuwar tsamiya, wadda ta fi duk itatuwan wurin kauri. Tsamiyar ta faɗa ɓangaren Kawu. Ya tsaya ya dafa ta.

"Wannan tun ana noma gonar take nan. A nan yake zama da allonsa in mun huta. A nan ya mare ni don na karya masa alƙalami."

Ya sunkuya ya ɗaga igiyar da hannunsa, ya zagaya da ita ta bayan tsamiyar, ya ajiye.

"Malam, layin ya karkace," in ji ɗaya daga cikin masu riƙe igiya.

"Ya karkace ɗin."

Kafin azahar inji ya fara kuka. Haulat ba ta bi Umma cikin gida ba. Ta tsaya a bakin igiya ta ga marken farko ya yi ƙara ya kwanta, tsuntsaye suka tashi suka tsallaka ɗaya ɓangaren. Ranta ya yi zafi, ba ta kuma yi ƙoƙarin sanyaya shi ba. Rabi ya tafi, rabi ne kawai ya tsaya, kuma rabin da ya tafi ba mugu ne ya sare shi ba, wannan ne ya fi ci mata rai. A bayanta Inna Hanne tana ta faɗa da wani yaron injin da ya taka igiya.

Ranar Talata ta shiga aji ta ɗaga waya. A taswirar kurmin yana nan cif da kusurwoyinsa huɗu, don tauraron bai sake ɗauka ba tukuna.

"Muslima, kin yi mini tambaya ban amsa ba. Wannan a ƙasar Ajingi yake. Rabinsa babu shi yanzu. Ɗaya rabin akwai masu tsare shi."

"Su wa, Malama? Su ma ƙabila ce?"

"Masu daddawa ne."

Aka yi dariya. Haulat ta bari suka gama.

"Na roƙi izini, ranar Asabar za mu je. Kowa ta zo da tambayoyinta, ni ma ina da nawa, don akwai tsuntsayen da har yanzu ba wanda ya faɗa mini sunansu. Ku sa takalmi mai kauri. Kuma duk wadda ta miƙa hannu ta tsinki abin da bai faɗo ba, ba ruwana, ita da su."